Rubutun Baba a Littafin Tattabaru

Lahadi

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan saƙon nan zai same ki lafiya duk ranar da jirgin ruwanku ya ga ƙasa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, tana hawa bene da kanta, sai dai ta huta a tsakiya. Ni kuma ina shago, keken ɗinki ba ya barin mutum ya yi dogon tunani, kuma hakan ya yi mini daidai.

Akwai maganar da na riƙe tun bayan rasuwar Baba don ban san ta inda zan fara ba. Kin tuna allon karatu mai batirin nan da kika kawo masa bayan shanyewar jiki ta ɗauke masa magana? Wanda kika saya masa littafin kiwon tattabaru a ciki, muna ta yi miki dariya don mutumin ko kaza bai taɓa kiwatawa ba? Duk yinin da yake rungume da shi a kujerar bakin taga mun ɗauka karatu yake yi. Ashe rubutu yake yi. Ranar da na kunna allon don in goge shi in ajiye, na tarar kowane shafi da ɗan rubutu a gefe, wanda ya danna da yatsansa ɗaya na hagu. Allon ya ƙirga su da kansa, guda ɗari shida da goma sha biyu. Kuma duk wanda muka buɗe zuwa yanzu, da Inna yake magana.

Bai taɓa nuna mata ko ɗaya ba. Kin san Baba da jan aji. A ƙarƙashin babin da ke bayanin zawon tattabaru ya rubuta, "Yau kin sa koren mayafin nan. Na gani." Da na karanta mata sai ta yi dariya, ta ce tsoho bai samu wurin yabonta ba sai nan, sannan ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

To daga ranar ta kafa doka. Guda ɗaya a rana, da safe, bayan ta karya. Ita ke ajiye allon a akwatinta, ta fito da shi, ta zauna a gefena, in karanta mata ɗaya tunda idonta ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, ta karɓe abinta. Ta ce shekara biyu ya yi yana faɗa, ba za ta sa a cinye shi a yini ɗaya ba. Yau muka yi na ashirin da uku.

Abin da ya sa na rubuto shi ne batirin ya fara kumbura. Bayan allon ya ɗan ɗaga ta gefe ɗaya, caji ba ya kai rabin awa. Na gwada tura rubutun zuwa wayata, ya ba ni goma na farko ya tsaya, ya ce masu littafin ba su yarda a kwafi fiye da haka ba. Na ce rubutun ubana ne, ba nasu ba, amma da wa zan yi musu? Ke kika saye shi, ke kika san kansa. Ki faɗa mini abin yi.

Inna na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

Ƙanenki,
Auta

Talata

Auta,

Na ga saƙonka yau da muka tsaya, kwana tara bayan ka turo. Ina lafiya. Marasa lafiyata a wannan tafiyar ba su wuce mai yankan hannu da mai ciwon haƙori ba. Ka gaishe da Inna, ka ce ina ci.

Sau uku na karanta maganar koren mayafin. Ni na saya mata shi. Na zauna a ɗakin magani na rufe ƙofa, har mai dafa abinci ya zo yana tambaya ko wani abu ya faru a gida.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Batirin da ya kumbura ba abin wasa ba ne, zai iya mutuwa gobe, zai ma iya kama wuta a cikin akwatin Inna. Ka daina barinsa a caji. Ka jira ta fita asibitin ƙafarta, ka buɗe akwatin, ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka. Aikin awa uku ne. Ba sai ta sani ba, kai ma ka kau da kai kada ka karanta in hakan ne zai dame ka.

Na kuma sauka gari na sayi sabon allo. Ban samu irin na Baba ba, amma na tambayi mai shagon baki da baki, na ce ina da littafin da na saya a wani wuri, zai buɗe a wannan? Ya ce kowane littafi yana buɗewa, har yana buga ƙirji. Na ba shi ya aika muku. In ya iso ka kai su biyun wurin mai gyaran waya na bakin layinku ya juye na tsohon cikin sabon.

Hotunan dai su ne farko. Kada ka tsaya kunyar Inna a wannan.

Yayarka

Lahadi

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Mu ma lafiya, sai mura da ta kama Inna kwana biyu, ta sake ta.

Sabon allon ya iso, kyakkyawa da shi. Na roƙi Inna, mai gyaran waya ya zo har gida da kwamfutarsa, ta zauna tana kallon hannunsa kamar zai saci wani abu. Ya ciro littafin, ya sa a sabon, allon ya ce ba zai iya buɗe wannan ba. Ya gwada ta hanya uku. Daga ƙarshe ya ce littafin a kulle yake, kamfanin da ya sayar da shi ya ɗaure shi da irin allonsu kaɗai, kuma rubutun Baba a jikin littafin yake, ba ya fita shi kaɗai. Ya ce mai shagonki ko dai bai sani ba, ko ya sani ya yi shiru. Na juya kwalin gaba da baya ban ga inda aka rubuta hakan ba. Ya ce kuma ba zai taɓa batirin ba, don in ya ɓalle bayan allon a yadda yake ɗin nan, ba shi da tabbacin zai sake tashi.

Maganar hoto kuwa, na kasa, Yaya. Ki zage ni. Na fara tambayarta a fili, don ban iya yi mata ɓoye-ɓoye ba. Ta ce, "Idon waya ma ido ne. Abin da ni ban ji ba, babu wanda zai riga ni gani." Na yi mata bayanin batiri, ta ce allon da ya yi haƙuri da Baba shekara biyu zai yi haƙuri da ita. Tun ranar makullin akwatin ya koma bakin zanenta, da shi take zuwa asibiti. Da ban tambaya ba da yanzu an gama. Na san wautata ce.

Abin da ta yarda da shi shi ne in rubuta waɗanda muka riga muka karanta. Na samu littafin awon kaya sabo, ina kwafa da biro. Arba'in da huɗu ke nan yau. Na jiya cewa ya yi, "Auta ya sake ƙona wuyan rigar mutane da dutsen guga, yana tsammanin ban ji ƙauri ba." Har a nan ma bai ƙyale ni ba.

Bayan allon ya ƙara ɗagawa, yanzu farce yana shiga. Jiya ya mutu muna tsakiyar karatu, Inna ta riƙe hannuna har ya dawo. Kowace safiya sai na yi addu'a kafin in danna. In muka ci gaba da guda ɗaya a rana, sai mun yi shekara ɗaya da rabi, kuma wannan abin ba zai kai wata biyu ba. Don Allah ki nemi masu kamfanin. Mutane ne su ma, suna da iyaye.

Auta

Juma'a

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, sai dai barci ba ya yi mini daɗi tun da na ga saƙonka. Ba zan zage ka ba. Da ni ce a gabanta ta faɗi haka, ni ma da na kasa.

Mai shagon nan ya yi sa'a mun bar garinsu. Amma ba shi kaɗai ba ne. Na koma na duba saƙon da kamfanin ya turo mini ranar da na sayi littafin. Abin da na danna an rubuta "Saya" a kansa, saƙon kuma cewa ya yi an gode da sayayya. Babu inda aka ce a kulle yake, babu inda aka ce allo iri ɗaya kawai yake bi. Da sun faɗa mini da na saya masa na takarda, ya yi ta rubutu da fensir.

Na yini a kansu yau. Mai amsa tambayoyinsu ta ce rubutun gefe yana hawa asusun mai littafi ne idan allon ya haɗu da intanet, daga nan ko allon ya mutu ba a yi asara ba. Na Baba kuwa tun ranar da na saita shi bai ƙara ganin intanet ba. Matsalar ita ce da sunan Baba da lambar wayarsa na buɗe asusun, don in faranta masa, kuma na manta kalmar sirrin. Ta tambaye ni ina mai asusun yake, na faɗa mata gaskiya. Ta yi mini ta'aziyya, ta ce akwai sashen da ke kula da irin wannan, in tura musu takardar shaidar rasuwa. Na tura, na rubuta musu dogon bayani cewa ina so a mayar da asusun sunana saboda rubutun da ke ciki.

Don haka ka kwantar da hankalinka, ka daina takura wa Inna. Da zarar sun gama, sai a haɗa allon da intanet, komai ya hau, sannan mu nemi irin nasu mu saya. Gobe za mu tashi, kwana goma sha tara babu tsayawa, kuma ka san a teku ba a ba mu layi. Ka lallaɓa shi kawai ya kai.

Yayarka

Alhamis

Yaya,

Ina gaisuwa. Na san sai kin sauka za ki gani, amma ban iya riƙe albishir ba. Kowa lafiya.

Na kunna tsohuwar wayar Baba jiya, tunda kin ce lambarsa ce a asusun, sai ga saƙon kamfanin: an karɓi takardunku, an kammala aiki a kan asusun. Allah ya saka miki, Yaya. Sun gama ke nan.

Ba zan iya jiran saukarki ba, don allon yanzu sai yana jikin caji yake tashi. Da ƙyar na shawo kan Inna. Na ce mata ba buɗe shi za a yi ba, ajiya za a yi wa maganar Baba a inda ba za ta ɓata ba. Ta yarda in kai shi shagon mai gyaran waya ranar Asabar, tunda shi ke da intanet mai ƙarfi. Ta sa na yi mata alkawari ba zan leƙa gaba ba. Mun kai sittin da biyu.

Auta

Laraba

Auta, kada ka haɗa shi. In ba ka riga ka kai ba, kada ka kai. Ka kashe shi ka mayar akwati.

Yanzu muka tsaya, na buɗe waya na ga saƙonka da nasu a tare. Na kira ka sau goma sha ɗaya, tana shiga ba ka ɗauka. Na kira mai gyaran waya, tasa a kashe.

Ba mayar da asusun suka yi ba, rufe shi suka yi. Sun ce littafin ba saya na yi ba, izinin karantawa ne aka ba mai asusun shi kaɗai, ba a gadonsa, ba a ba wani, kuma yana ƙarewa da rasuwarsa. Sun ce yana cikin sharuɗɗan da na amince da su, suka turo mini shafi talatin da wani abu, maganar tana can wajen ƙarshe. Sashen da matar ta tura ni, aikinsu ke nan, rufe asusun mamata. Ba ta faɗa mini ba. Ni ma ban tambaya ba, na ji ta'aziyya na saki jiki. A ƙasan saƙon sun rubuta cewa duk allon da ke kan asusun, da zarar ya haɗu da intanet, zai sauke abin da ke cikinsa.

Da na yi shiru da bakina, da na ce musu kalmar sirri kawai na manta, da babu abin da zai faru. Ni na kai musu takardar da hannuna. Ni na rubuta maka "da zarar sun gama" ban ce ka jira ka ji daga bakina ba.

Na san yau Laraba, na san Asabar ta wuce. Amma wataƙila Inna ta fasa, wataƙila an ɗauke wuta, wataƙila aiki ya riƙe ka. Ka ce mini ɗaya daga ciki ya faru. Ka fasa akwatin in ta kama, ka ɗauki hotunan, ni zan ɗauki fushinta har ƙarshen rayuwata.

Ka ɗauki waya, don Allah.

Juma'a

Auta,

Ina gaisuwa. Ban san ko kuna lafiya ba, tunda babu mai faɗa mini.

Kwana biyu ke nan. Na ga alamar ka buɗe saƙona. Ban kira Inna ba don ban san abin da ta sani ba, kuma ina tsoron muryarta. Na sake rubuta wa kamfanin sau huɗu, na roƙe su su buɗe asusun ko na awa ɗaya ne. Amsa ɗaya suke maimaita mini, cewa sun fahimci damuwata. Na ce su nuna mini inda aka gaya wa mai saye wannan kafin ya biya, sai suka sake turo shafukan nan talatin.

Na nemi izinin sauka daga jirgin, an ce sai an samu wadda za ta karɓe ni. Shirunka ya riga ya faɗa mini, amma ina so in ji daga gare ka. Ko zagi ne ka turo.

Yayarka

Litinin

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, jiki dai. Ki yafe mini rashin ɗaukar waya, na kasa haɗa muryata da taki.

Na kai allon ranar Asabar. Inna ta naɗe shi a tawul ta miƙo mini da hannu biyu. Mai gyaran waya ya sa shi a caji, ya haɗa shi da intanet, muka tsaya muna kallo. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa, na ce ga shi nan yana hawa. Allon ya yi fari, ya dawo, ya ce barka da zuwa, a shigar da asusu. Babu littafi, babu komai. Bai kai minti ɗaya ba. Mutumin ya rufe shagonsa ya yini a kai har da kiran wani abokin aikinsa, daga ƙarshe ya miƙo mini ya kasa kallona.

Ba zan zage ki ba. Gaskiya kika faɗa musu, ni kuma na ga "an kammala" na karanta abin da nake so. Kuma wata guda kafin nan kin ce in ɗauki hoto. In rabon laifi za a yi, kowa zai samu, har da waɗanda ba za su taɓa sanin sunan Baba ba.

Sittin da huɗu ne a littafin awona. Sauran ɗari biyar da arba'in da takwas.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Kafin a haɗa, mai gyaran ya fita neman wata wayar caji, ya bar ni da allon a kunne a jikin ta farkon. Na karya alkawarin Inna. Ban yi niyya ba, hannuna ne ya tafi can ƙarshen jerin, na buɗe na ƙarshe, wanda ya rubuta kwana biyu kafin ya rasu. Shi kaɗai na gani, kunya ta kama ni na rufe. Ina da kusan minti goma a wurin, Yaya, da waya a aljihuna. Na zauna ina jin kunyar guda ɗaya.

Kwana biyar ina ce mata allon yana wurin gyara. Ranar Juma'a ta zo shago da kanta, ta zauna a bencin masu jiran ɗinki, ta ce, "Auta, ya mutu ko?" Na faɗa mata duka, ban rage ba. Ba ta yi kuka ba. Ta tambayi nawa suka rage, na faɗa. Sai ta ce, "Ni na hana. Ina ta tattali." Na ce mata na saɓa alkawari na ga na ƙarshe, in tana so. Ta ce ba yanzu ba, sai da safe.

Da safe ta karya, ta zo ta zauna a gefena. Babu allo, babu takarda, na faɗa mata da ka. Cewa ya yi, "Ki bar wanke-wanken nan ki zo ki zauna."

Ta ce in sake, na sake. Ta ce, "Ina jin motsin kujerarsa a lokacin. Na ɗauka ruwa yake so, na ce ina zuwa."

Jiya ma ta zo ta zauna. Na ɗauko littafin awo zan fara mata daga na farko, ta ce a'a, waɗannan ta ji su, wancan take so. Yau ma haka. Kwanukan safe suna nan a wurin wanke-wanke har azahar, ta hana ni taɓa su.

In sun ba ki izini ki taho. Ba ta yi fushi da ke ba, ta ce in gaishe ki.

Ƙanenki,
Auta